Hutun damina a bargar dawaki ta Damagaram

Daga Yamai zuwa Zinder tafiya ce ta wajen kilomita 900 bisa hanyar da ta bi ta Dosso, Ƙonni da Maraɗi. Mun sauka Birni, tsohuwar unguwar fadar Sarkin Damagaram, cikin watan Agusta, lokacin da lakwal ke rufe sai Oktoba. Birnin nan shi ne hedikwatar ƙasa a zamanin Faransawa har zuwa 1926, amma sarautarsa ta girmi zuwansu nesa ba kusa ba, kuma bisa bayan doki aka kafa ta.

Abin da ya kai mu shi ne wata barga inda wani dattijo ke karɓar yara ƴan shekara 9 zuwa 14 a lokacin hutu. Sharaɗinsa guda ne: ba mai taka likkafa sai ya yi mako guda yana hidima a ƙasa. Da sassafe su share muri, su kwashe kashi, su jiƙa dusa da ɗan kanwa, su zuba harawa. Ana nuna musu cewa tumbin doki ƙarami ne kuma ba ya iya amai, don haka hatsi kaɗan-kaɗan ake ba shi; wanda ya cika masa gero don ƙauna yana iya jawo masa ciwon cikin da zai kashe shi. Ruwa kuwa, doki kan sha lita 20 zuwa 40 a yini, kuma yaran ne ke ɗebowa.

Darasin da ya fi tsaya mana a rai shi ne na matsowa. Doki ba ya ganin abin da ke daidai bayansa. Sai yaro ya zo ta wajen kafaɗar hagu, yana magana a hankali, ya ɗora hannu kafin ya ɗaga kofato ya ƙwaƙule laka, domin danshin damina kan ruɓar da ƙasan kofato.

Mako na biyu ake ɗaura sirdi. Dattijon na riƙe da ragama, yaron na koyon zama, juyawa da tsayawa, ba sukuwa ko kaɗan. Ya hana su linzamin hawan Salla mai kaifi, wanda ke fasa bakin dabba a hannun da bai ƙware ba. Mu dai mun so a ƙara musu hular kwano. Rawani ba ya kare kai daga dutse, Zinder kuwa gari ne na duwatsu.

Ya ku iyaye, yau babur ya karɓe aikin doki, yaranmu ba su ganinsa sai ranar Salla, sa'annan a ɗora su bisa ingarma cikin ganga da harbin bindiga. A nan ake samun karaya. Waɗannan kuwa, ranar da muka yi ban kwana, ƙaraminsu ma na iya rarrabe akawal da kili, ya kuma duba majayi da yatsa biyu kafin ya hau.