KARATUN KWANA BIYU A ABUJA: ABIN DA LISSAFI YA NUNA MINI

Daga wakilinmu a Abuja

Masu karatu, wataƙila wasunku sun ji labarin saurayin nan Samson Ajao, wanda ya zauna a garin Osogbo ta Jihar Osun cikin shekarar 2024 yana karanta littattafai da babbar murya har tsawon awa 215, watau kusan kwana tara, ya shiga kundin bajinta na Guinness. Kafinsa wani mutumin ƙasar Kirgistan, Rysbai Isakov, shi ke riƙe da kambun da awa 124 da ya yi a 2022. Irin wannan gasa ba a yin ta da ka: akwai shaidu, akwai masu riƙe da agogo suna rubuta kome, kuma hutun da aka yarda wa mai karatu minti biyar ne kacal bayan kowace awa guda.

Ran nan muna zaune a ofis sai hira ta biyo ta kan wannan batu, ina ta yaba wa yaron. Wani dattijo da ke gyara mana labarai, wanda ya fara aikin jarida tun ana jera haruffa da hannu, ya sauke tabarau ya dube ni ya ce, "To kai da kake ta yabon ɗan mutane, yaushe rabonka da ka kai littafi ƙarshensa?" Na buɗe baki zan ba shi amsa, sai na ga babu. Da na lissafa a zuci, na tarar shekara uku ke nan ban gama littafi ko ɗaya ba, alhali kuwa da rubutu nake ci, da rubutu nake sha. Kunya ta rufe ni.

Saboda haka na ƙudura cewa ƙarshen makon nan, daga daren Juma'a zuwa daren Lahadi, ba ni da wani aiki sai karatu. Ƙarshen watan Nuwamba ne na 2025, hunturu ya soma kaɗawa. Na zaɓi littattafan da suka fito bayan gasar ƙaga labarai ta 1933, wadda Dokta Rupert East na Hukumar Talifi ta Zariya ya shirya: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na wansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Na biyar ɗinsu, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, na nema ban samu ba. Tun da ba ni da shaidu irin na Guinness, sai na sayi ɗan littafin rubutu na 'yan makaranta, na ja layi na raba kowane shafi gida uku: lokaci, da wuri, da yawan shafukan da na karanta.

Na soma a ɗakina da ke Kubwa da ƙarfe 8:40 na daren Juma'a. Ban yi nisa da Alhaji Imam da abokin hamayyarsa Malam Zurƙe ba sai aka ɗauke wuta, na kunna fitilar caji na ci gaba. Amma ba duhu ne ya fi cuta ta ba. Na lura hannuna yana ta kai wa wayata ba da sanina ba, sai na shiga yin ɗan zane a gefen shafi duk sa'ad da na taɓa ta. Da ƙarfe 10:30 na rufe littafi na duba: shafi 17, zane 14. Watau kusan kowane shafi sai na biya masa haraji. Wannan shi ne amfanin farko da na gani ga lissafin, domin da a ce tambayata aka yi, da sai in rantse awa biyu cur na yi ina karatu.

Da gari ya waye ran Asabar na kashe wayar na jefa ta ƙasan jaka, na hau motar haya zuwa cikin gari. Muka bi babbar hanyar Kubwa, muka wuce mahaɗar Dutse da Gwarimpa, ga tuddan Katampe sun sha hazo. Na gwada karatu a mota, mu huɗu a kujerar baya, gwiwar wani a haƙarƙarina, na samu shafi 5 da ciwon kai. Duk wanda ya san Abuja ya san yawancin masu yi mata aiki ba a cikinta suke kwana ba. Daga Kubwa da Nyanya da Mararaba da Lugbe da Suleja suke ɗunguma kullum safiya su koma da dare, kuma awoyin da ya kamata su zama na littafi a kan kwalta suke ƙarewa.

Na fara tsayawa ne a tsakiyar birni, tsakanin Masallacin Ƙasa da babban Cocin Ƙasa, inda ginin hedkwatar Laburaren Ƙasa yake. A 1964 aka kafa wannan hukuma aka buɗe ta a Legas. Dokar da ta ƙirƙiro Abuja kuwa ta fito ran 3 ga Fabrairu 1976, zamanin Janar Murtala Muhammed, gwamnati kuma ta taso ta dawo nan ran 12 ga Disamba 1991. An ba da kwangilar ginin laburaren a 2006 a kan kuɗi sama da naira biliyan 8, da niyyar a gama cikin ƙasa da shekara biyu. Ranar da na tsaya a gabansa shekara 19 ke nan, ga gini tiƙeƙe ya tashi sama, amma ba a kai ga jera littafi a cikinsa ba. A watan Satumba na 2025 uwargidan Shugaban Ƙasa, Oluremi Tinubu, ta roƙi masu son yi mata kyautar cika shekara 65 da haihuwa su zuba kuɗin cikin asusun kammala ginin, aka kuma ba da sanarwar an tara fiye da naira biliyan 20. Muna fata Allah ya sa wannan karon a ga ƙarshensa. Yaron da aka haifa shekarar da aka ba da kwangilar nan yanzu ya isa shiga jami'a.

Daga nan na nufi lambun shaƙatawa na Millennium Park da ke gefen Maitama, wanda Sarauniyar Ingila Elizabeth ta Biyu ta buɗe a Disamba 2003, lokacin taron ƙasashe renon Ingila. Wuri ne mai faɗi, ga itatuwa, ga ɗan rafi ya ratsa, ga Dutsen Aso can yana leƙen mutum. Na sami inuwa na shimfiɗa darduma. Masu ɗaukar hoton amare suna ta kai da kawo, yara suna guje-guje, ban ko ɗaga kai ba. Cikin awa biyu na ƙare Ruwan Bagaja na tsunduma cikin Ganɗoki, na rubuta shafi 48. Nan fa wani abu ya shige ni. Sai na ga ina leƙen lambar shafi kafin in karanta abin da ke kansa, ina tsallake duk inda bayani ya yi tsawo, ina ƙiyasin nawa zan tara kafin azahar. Raina ya yi fari ƙal, ina jin kaina kamar ƙanen Samson Ajao.

Na koma Masallacin Ƙasa na yi sallar azahar. Bayan an idar na zauna a harabar ina tattara lissafi, sai wani dattijon malami da ke kusa da ni, da gani ka san ya sha tawada a tsangaya, ya ce, "Samari, bashi kake bin mutane ne haka?" Na yi dariya na ce, "Allah ya gafarta Malam, kaina nake bi." Na kwashe labari na gaya masa.

Ya karɓi ɗan littafin ya jujjuya, sa'an nan ya ce ai ƙidayar karatu ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Almajiri ya san Alƙur'ani izu 60 ne, kowane izu an raba shi nusufi da rubu'i da sumuni, sumuni takwas ke yin izu guda, watau 480 gaba ɗaya. Ko cikin dare ka tashe shi ka ce ina ka tsaya, zai gaya maka izu kaza, sumuni kaza. "Amma fa," in ji shi, "mu a wurinmu ba a wanke allo sai an biya. Yaro ba ya cewa ya wuce don idonsa ya bi ta kan baƙi, sai ya zo gaban malam ya kawo abin da ka. To kai wannan Ganɗokin naka, ba ni labarin abin da ka karanta yau."

Jama'a, nan ido ya raina fata. Na ce akwai yaƙi da Turawa. Ya ce a ina? Na yi shiru. Ya ce da wa da wa? Na soma kame-kame. Shafi 26 na rubuta a gaban sunan littafin nan, amma abin da ya zauna a kaina bai cika cokali ba. Malam ya miƙo mini littafina ya ce, "Gidajenka uku ne, saura na huɗu. Ka rubuta abin da ka riƙe."

Nan take na ja layi na huɗu. Na kafa wa kaina doka: in na tashi daga zama, sai in rufe littafi in rubuta jimla uku da ka, ba leƙe; in na kasa, shafukan nan ba su shiga lissafi. Da na koma gida da daddare na sake ɗauko Ganɗoki tun daga farko. Wannan karon na bi shi a hankali, daga fagen fama da Turawa, zuwa tafiyarsa gabas, har ƙasar aljannu, na kuma gane cewa Bello Kagara labarin zuwan Turawa yake bayarwa ta bakin wanda ya ƙi sunkuyar da kai. Gudu ya ragu ƙwarai, amma gida na huɗu ya cika har na juya baya.

Ran Lahadi da sassafe na kama hanyar Suleja, inda wani kawuna yake zaune, domin zaurensa ya fi ko'ina da na sani shiru. Daga Kubwa ka bi ta Dei-Dei da Zuba, a wajen Madalla sai ga Dutsen Zuma tsaye a gefen hanya, wanda aka sa hotonsa jikin takardar naira 100. Yaran yanzu da yawa ba su san cewa Suleja ita ce Abuja ta asali ba. Sarakunan Zazzau na Haɓe ne suka yiwo kudu bayan jihadi, Abu Ja ƙanen Sarki Makau ya kafa garin a 1828, aka kira shi da sunansa. Da aka zaɓi sabon babban birni sai garin ya bar masa sunan, ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Tun kafin a aza tubali ɗaya a Garki, 'ya'yan garin nan biyu, Alhaji Hassan Dallatun Abuja da Malam Shu'aibu Na'ibi, sun rubuta tarihinsa da Hausa, aka fassara shi da Turanci a 1952.

Na tarar da Kawu a kan buzunsa, idonsa ya yi rauni, ya daɗe da barin karatun boko. Da ya ji abin da ke cikin jakata sai ya gyara zama ya ce, "Ɗan nan, in Shaihu Umar ne, karanta da ƙarfi in ji. Rabona da shi tun muna 'yan firamare, malaminmu na karanta mana ran Alhamis." Na ce, "To, Kawu."

Karatu da murya ba ya tsallakuwa. Ba ka isa ka haɗiye sakin layi ba alhali tsoho na sauraro, kuma shi ne ke tsayar da ni, ya ce maimaita nan, ko ya riga ni faɗin abin da zai biyo baya. Kafin azahar maƙwabta biyu da jikoki uku sun shigo sun zauna. Da muka iso inda uwar Umar ta ƙetare hamada tana neman ɗanta, ta sha bauta da wahala, ba ta gan shi ba sai a ƙarshen ranta, zauren ya yi tsit. Kawu ya daɗe bai ce kome ba, can ya ce, "Allah ya ji ƙan Abubakar." Ya kawo zancen Janairun 1966 da aka kashe shi, da yadda labarin ya iske su. Mutumin da ya yi shekara fiye da sittin bai ga littafin nan ba ya riƙe shi fiye da yadda na riƙe abin da na karanta jiya da hantsi. Ranar nan ban sha wahalar cika gida na huɗu ba.

Da ƙarfe 9 na daren Lahadi na rufe lissafi a Kubwa. Cikin awa 48, awa 9 da 'yan mintoci ne na karatu na gaskiya; sauran barci da salla da abinci da hanya suka raba. Shafi 166, ban da 26 da na maimaita. Littafi uku sun ƙare, Jiki Magayi na tsaya a tsakiyarsa, na sa tsinken tsintsiya a wurin. In aka gwada da awa 215, abin dariya ne. Amma ran Litinin da dattijon ofishinmu ya sake sauke tabarau, na ba shi labarin uku ɗin daga farko har ƙarshe, bai kama ni da kuskure ba sai wuri ɗaya.

Shawarata ga mai son gwadawa, ko ɗalibi ne ko ma'aikaci ko uwargida: kada ka ɗora wa kanka abin da ya fi ƙarfinka, littafi biyu ƙanana sun isa. Ka rubuta lokacin da ka fara da wanda ka tashi, domin zuciya na da ƙarin gishiri. Ka nisanta waya. Ka ja gida na huɗu tun ranar farko, in kuwa akwai tsoho ko yaro a gidanku, karanta masa da murya. Sannu ba ta hana zuwa.

Su kuma hukumomi, muna tuna musu cewa cikin kwana biyun nan a gindin itace da harabar masallaci da zauren Kawu na yi karatuna. Da rani wannan mai yiwuwa ne, amma damina na tafe. Allah ya nuna mana ranar da ɗan Nyanya da 'yar Kubwa za su shiga Laburaren Ƙasa su ja kujera su zauna, amin.