Likitan Da Ba Ya Jiran Majiyyaci

Idan aka ce likita, yawancinmu mai farar rigar nan muke tunawa, wanda yake zaune a asibiti yana jiran marasa lafiya. Amma akwai wani irin likita wanda aikinsa shi ne ya tare cuta tun ba ta shigo gari ba. A cikinsu, wanda na fi sha'awar tarihinsa shi ne marigayi Farfesa Umaru Shehu.

An haife shi a Maiduguri a 1930. Ya yi karatun likita a Ibadan da Ingila, ya dawo ya kama aiki a Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Arewa. Daga baya ya koma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, inda ya koyar da fannin lafiyar al'umma, wato ilmin ruwan sha mai kyau da tsabtar gari da rigakafi. Ya shugabanci Jami'ar Nsukka daga 1978 zuwa 1980, ya kuma yi aiki da Hukumar Lafiya ta Duniya.

To, mene ne haɗina da shi, ni ɗan Tudun Wada? A shekarar 2003 jita-jita ta bazu cewa ɗigon rigakafin shan inna yana hana haihuwa, har aka dakatar da shi a Jihar Kano. Gwamnatin Tarayya ta ɗora wa Farfesa Umaru Shehu duba maganin. Bayan gwaji ya fito ya shaida wa jama'a cewa babu abin cutarwa a ciki, alhali a lokacin mutane da yawa ba su son jin haka. Ba a ci gaba da rigakafin a Kano ba sai a watan Yulin 2004.

A cikin wannan tsakanin ne cutar ta kama ɗan kawuna, yana jariri. Yau ya zama saurayi, tela ne gwani, amma da keken guragu yake zuwa shagonsa. Ni kuwa da na zo duniya daga baya, na sha ɗigon ba adadi. Ina iya tuna yadda masu rigakafi suke shafa mana tawada a ɗan ƙaramin yatsa, su rubuta lamba da alli a bangon zaure. Gida ɗaya muka tashi, amma ni nake buga wa makarantarmu ƙwallo.

Yaro na ƙarshe da asalin ƙwayar cutar ta kama a Jihar Kano a Sumaila yake, maƙwabtanmu, a 2014. A 2020 aka tabbatar ta ƙare a Afirka baki ɗaya. Farfesa ya ga wannan rana da idonsa kafin rasuwarsa a watan Oktoba na 2023.

Sai dai aiki bai ƙare ba. A 2023 ɗin nan cutar mashaƙo ta hallaka yara da dama a Kano, yawancinsu ba a yi musu allura ba. Saboda haka ina roƙon iyayenmu, idan an zo rigakafi a fito da ƙannenmu, gama rigakafi ya fi magani. Mu kuma ɗalibai mu dage da karatun kimiyya. Ni dai burina, in Allah ya yarda, in zama irin wannan likita, mai bin ƙauyuka daga Bebeji har Doguwa.

Allah ya jiƙan Farfesa Umaru Shehu, ya sa ya huta, amin.