Hatimin Dattijo Amana Ne



Duk shekara, da zarar sakamakon jarrabawar bak ya fito, yawanci a watan Yuli, zauren dattijon da muke wa aikin magatakarda a Adjamé yakan cika da baƙi masu buƙata ɗaya. Uba ya shigo, ɗansa na biye da ambulan a hannu. A gaisa, a tambayi gida da kasuwa, sannan a zo ga magana: yaro yana son karatun likita, an ce sai da takardar shaida daga wani babba. Da yake alƙalami da hatimi suna hannunmu, nauyin yakan fara sauka a kanmu kafin ya isa ga Maigida.

Irin wannan shaida daɗaɗɗiya ce a wurinmu. Kakanninmu fataken goro, waɗanda suka bi ta Salaga da Bondoukou, sun san darajarta: baƙo ya sauka a zango, maigidansa ya tsaya masa, a ba shi kaya bashi saboda wannan tsayawa, in ya ci amana kuwa sunan maigida ne ya zube. A makarantar zaure, malami ba ya ba da ijaza sai ga almajirin da ya zauna gabansa ya karance littafi. Har yau mai neman Jami'ar Musulunci ta Madina yakan haɗa da tazkiyya a cikin takardunsa. A duk waɗannan sharaɗin ɗaya ne: mai shaida ya faɗi abin da ya gani.

Yana da kyau iyaye su fara sanin inda takardar take aiki. A nan gida, karatun likita a jami'o'in gwamnati, ta Félix Houphouët-Boigny a Cocody ko ta Alassane Ouattara a Bouaké, maki da gasar jarrabawa ne ke buɗe ƙofarsa ga mai bak na kimiyya. Yayyen yaran yanzu sun sha gwagwarmayar shekarar share fage a jami'ar Abobo-Adjamé, wadda aka sauya wa suna zuwa Nangui Abrogoua a 2012, kuma hatiminmu bai taɓa ƙara wa ɗayansu maki ba. Ana neman takardar ne galibi idan yaro ya nufi wata jami'a a waje, ko yana neman tallafin karatu.

Wata shekara wani Alhaji ya zo mana da ɗansa. Mutum ne mai hannun kyauta. In an yi rasuwa shi ne na farko da likkafani, in tabarmin masallaci sun tsufa shi yake sauya su. Ya miƙo takarda da aka riga aka buga da Faransanci, saura sa hannu kawai. Maigida ya ce mu fassara masa. A ciki an ce ya san yaron tun yana ƙarami, kuma yaron ya shekara biyu yana jinyar marasa lafiyar unguwa.

Maigida ya yi shiru, sannan ya ce, "Alhaji, yaron nan yau na fara ganinsa."

"Ranka ya daɗe, ai ɗanka ne. Sa hannu ne kawai."

"Ɗana ne, shi ya sa ba zan gina masa a kan ƙarya ba. Na san gidanku, na san alherinka, wannan zan rubuta da hannu biyu. Sauran kuwa ban gani ba."

Alhaji ya naɗe takardarsa ya fita, ya ɗauke ƙafa daga zauren wata da watanni. Ba za mu ɓoye ba, a ranar mu kanmu mun raɗa wa Maigida cewa da ya sa hannu an wuce wurin, domin mun san abin da asusun jama'a zai rasa. Amsarsa har yau tana kunnenmu. Ya ce wanda zai karanta takardar nan yana zaɓen wanda gobe za a damƙa wa ran mahaifiyar wani, kuma mun karanta a zaure cewa shaidar zur tana cikin manyan zunubai. Ya ƙara da cewa ramin ƙarya ƙurarre ne: ranar da aka kama hatiminmu da ƙarya ɗaya, ɗan talakan da zai zo bayan wannan ya rasa mai tsaya masa.

Ba a daɗe ba muka gane abin da yake karewa. Wata yarinya ta ƙetaro gada daga Treichville, marainiya, mahaifiyarta tana sayar da waina. Ba ta buƙaci gabatarwa ba. Shekara uku tana raka tsofaffinmu babban asibitin koyarwa na Treichville, tana yi musu tafinta tsakanin Faransancin likita da Hausarsu, tana karanta musu takardar magani, tana rubuta musu lokutan sha. Ƙanwar Maigida mai hawan jini tana cikinsu. Ta zo saura mako shida a rufe karɓar takardu, da kwafin sakamakonta, da bayanin abin da masu tallafin suke so, da ranar rufewa. Ta ce ta riga ta roƙi malamanta biyu na kimiyya, mu shaidar hali kaɗai take nema. Shafi ɗaya muka rubuta, babu kirari, sai abin da ta yi da lokacin da ta yi shi. Shekarar farko ba ta samu ba. Ta biyu ta samu, da ikon Allah da kuma makinta.

Daga waɗannan biyu muka tsamo abin da muke gaya wa kowane yaro. Ka fara da malaman da suka koyar da kai, su ne suka san ƙwaƙwalwarka. Dattijo halinka kawai zai iya shaida. Ka zo da wuri, zafin nema ba ya kawo samu. Ka tambaya da ladabi ko mutum ya san ka sanin da zai iya tsaya maka, in ya ce a'a ka yi godiya, gara a'arsa da shaida mai sanyi. Ka bincika harshen da ake so, Faransanci, Turanci ko Larabci. Wasu wuraren ta imel suke tuntuɓar mai shaida kai tsaye, sai ka tabbata adireshin da ka bayar yana aiki. Kada ka kawo goron sa hannu, kuma duk yadda ta kaya ka dawo ka ba da labari.

Ku kuma iyaye, tun ranar gini tun ranar zane. Ku riƙa turo yara cikin jama'a, wurin gaisuwar mara lafiya da aikin gayya, tun kafin ranar buƙata, domin gani ya kori ji. Duk wanda ya taɓa tsayawa da tsohuwa a gaban likita tana nuna ciwonta da hannu ya san yadda muke ƙishirwar likitoci masu jin Hausa. Muna son su da yawa, amma na gaske muke so.

Alhaji ya dawo ranar Babbar Sallah, aka gaisa kamar ba a yi ba. Yanzu ƙaramin ɗansa yakan zo kowace Asabar ya taya mu rubuta rajistar jama'a. In lokacinsa ya yi, muna da abin faɗa.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya tsare alƙalumanmu daga shaidar zur. Amin.