Tara Yake, Bai Cika Goma Ba

Cikin karin maganganun da nake koyar da ɗalibai, babu wanda ya fi tsaya mini a rai kamar wanda ke cewa ɗan'adam tara yake bai cika goma ba. Galibi akan kawo shi ne domin a nema wa mai kuskure uzuri. Ni kuwa ina ganin ya ƙunshi ɗaukacin fahimtar Bahaushe game da matsayin mutum a cikin halitta.

Wannan matsayi ƙarami ne ƙwarai. Ranar da ke nunar mana da gero tana nesa da mu da kimanin kilomita miliyan 150, haskenta kuma kan shafe fiye da minti 8 kafin ya iso. Taurarin nan da muke kira Kaza da 'Ya'yanta, hasken da muke gani nasu a daren yau ya taso ne kimanin shekara 440 da suka wuce, wato fiye da ƙarni biyu kafin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804. Kakanninmu ba su san waɗannan alƙaluma ba, amma harshensu ya nuna sun san iyakarsu: baƙon da ba su san sunansa ba sukan kira shi bawan Allah, haka ma sarki idan ya kwanta dama.

To, mene ne cikon na goman? A nazarinsa kan mutumin kirki wanda aka buga a 1974, Kirk-Greene ya lissafa halaye goma, daga cikinsu akwai gaskiya da amana da haƙuri da kunya da mutunci. Aiki ne mai daraja, sai dai kusan dukkan halayen sun shafi zaman mutum ne da ɗan'uwansa. Na san dattawan da jama'a suka shaide su da waɗannan halaye, amma ban taɓa jin ɗayansu ya ce ya cika ba. Idan an yabe su, sai su ce, "Sai dai Allah ya rufa mana asiri."

A nan nazarin harshe yana da abin cewa. Kalmar cika aikatau biyu ce, karin sauti ne ya raba su. Akwai so-karɓau, kamar a ce "ta cika tulu", akwai kuma ƙi-karɓau, kamar "tulu ya cika". Tulu dai ba ya ɗura wa kansa ruwa, ko da jimlar ba ta ambaci mai ɗurawar ba. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, da wannan ƙi-karɓau ɗin ne Bahaushe ke sakaya mutuwa. Idan rai ya yi halinsa, sai a ce wane ya cika. Ke nan a wurinsa cikar mutum ba ta tabbata sai ya koma ga Mahaliccinsa, kuma ba shi ne mai cika kansa ba.

Wannan batu ya shafi mai koyon aikin malanta kai-tsaye. Ranar da ya tsaya gaban yara sittin riƙe da alli, duk abin da ya faɗa za su karɓa tamkar yankan wuƙa, kuma daga nan girman kai ke samun ƙofa. Malaman zaure sun daɗe da gane wannan haɗari. Shi ya sa komai zurfin malami, idan ya gama warware mas'ala yakan rufe da "Allah ne masani", almajiransa kuma su tashi da sanin cewa malam ma yana da inda saninsa ya tsaya.