Yaron da ke jefa tubali shi ke fara ganin tsaga

A ginin ƙasa irin namu na cikin birnin Zazzau, gwani a kan katanga yake zama kamar mai hawan doki, yara na ƙasa suna jefo masa tubali yana cafewa yana jerawa. Daga can sama yana ganin ko gini ya miƙe ko ya karkace, amma gindin katangar da ke ɗauke da shi ba ya ganinsa. Mai ganin gindi shi ne yaron da ke kwaɓa ƙasa, wanda tun yana goye aka koya masa cewa ba a katse babba. Na zauna a ƙasa, na zauna a sama, kuma yanzu da ƙarfi ya tafi, abin da ke hana ni barci shi ne yawan abin da yaran nan ke gani su haɗiye.

Maigidan da ya koya mini aiki, Allah ya jiƙansa, mafaɗaci ne. Amma kullum da safe kafin ya taka tsani, sai ya kira mafi ƙanƙanta a cikinmu ya ce, "Kai ɗan nan, zagaya ka dubo mini." In yaro ya dawo ya ce, "Ba komai, Baba," sai ya sake tura shi. Wata rana muna ɗaga wani zaure ta wajen Ƙofar Gayan, mai zauren yana ta azalzala don bikin 'yarsa ya matso, wani yaro ya dawo yana sunkuyar da kai ya ce jerin jiya bai sha iska ba. Maigida ya je ya danna babban yatsa, yatsa ya nutse. Ya ce a tashi. Sa'an nan ya kwance lalitarsa ya biya kowa kuɗin yini cif, ya fara da yaron nan, a gaban mai zauren da ke ta huci.

Na daɗe kafin in gane cewa biyan nan ya fi tambayar muhimmanci. Lebura da aikin yini yake ci. In ya ce katanga ɗanya ce aka dakatar da aiki, ranar tukunya ba za ta hau murhu a gidansa ba, abokan aikinsa kuma su riƙa hararar sa. Ana kiran shirun nan kunya ko ladabi, amma rabinsa yunwa ce. Shugaba zai iya wuni yana cewa "ku riƙa faɗa mini", babu mai buɗe baki, domin kowa na tuna yadda aka yi da wanda ya yi magana bara.

Gini kuwa da wuya ya faɗi bai yi gargaɗi ba. Babban masallacinmu na Juma'a da ke gaban fada, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, abin alfaharin kowane magini ne a ƙasar Hausa. Ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023, ana sallar La'asar, wani sashensa ya rufta kan masallata, aka yi asarar rayuka. Allah ya jiƙansu da rahama. Mai Martaba Sarkin Zazzau Ahmed Nuhu Bamalli ya bayyana cewa an ga tsaga a jikin bangon kwana ɗaya kafin nan, ana cikin shirin kawo injiniyoyi. Ajali ba ya wuce ranarsa, na sani. Amma tun daga ranar nake tunanin yadda tazarar da ke tsakanin ganin tsaga da faɗuwar gini take da ƙanƙanta.

A Bangladash abin ya fi muni, don can hana mutane tsira aka yi. Ranar 23 ga Afrilu 2013 aka ga tsaga a benen Rana Plaza mai hawa takwas, kusa da Dhaka. Banki da shagunan ƙasa suka rufe. Masu ɗinkin tufafi da ke sama kuwa aka ce su koma bakin aiki washegari, wasu har da barazanar hana su albashi. Suka koma, benen ya rufta, mutum 1,134 suka mutu. Sun gani, sun ji tsoro, albashi ne ya mayar da su ciki.

Yau a Tudun Wada da Sabon Gari da cikin birni galibin gini bulo da rodi ne, amma halin bai sauya ba. Mai kwaɓa kankare ya san an rage siminti, don shi ke ƙirga buhu. Kafinta ya san an sa shi cire katakon da ke tallafe da rufi tun bai ƙanƙame ba. Mai ɗaukar kwano ya san matakin tsanin da ya ruɓe, shi ke tsallake shi duk hawa. Oga ya zo da mota, ya leƙa, ya yi faɗa a kan jinkiri, ya tafi. Tun 2010 akwai dokar biyan diyya ga ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki, sai dai diyya ba ta mayar da ƙafa, kuma leburanmu na yini galibinsu ko labarinta ba su ji ba.

Ku 'ya'yana da ke riƙe da kwangila yanzu, da ku masu gida da ke tsaye a kan magina kuna cewa a yi sauri, don Allah ku sauko ku tambayi ƙaramin cikinsu da sunansa, a gaban kowa. In ya faɗi abin da ya sa aka dakatar da aiki, ku biya shi yininsa, ku biya 'yan'uwansa. In kuma aka duba aka ga ba komai, kada ku bari a yi masa dariya, ku ce masa ya kyauta, gobe ma ya dubo.