Guntun naman da ba ya jin kunyar faɗuwa

Akwai wasannin bidiyo da ake yi don a huta, akwai kuma waɗanda kamar don gwada haƙurin mutum aka ƙirƙiro su. Super Meat Boy yana cikin na biyun. Mutum biyu ne suka haɗa shi a Amurka, Edmund McMillen da Tommy Refenes, ba wani babban kamfani a bayansu, ya kuma fara fitowa a kan Xbox 360 cikin watan Oktoba na 2010. Jarumin wasan guntun nama ne ja, ba shi da fata, yana tsalle tsakanin zartuna masu juyawa don ya ceto budurwarsa, Bandage Girl. Kusan komai kashe shi yake, har gishiri.

Tamu Xbox ɗin ta hannu ce, kawu ya zo da ita daga Kwatano cikin kayan da yake sarowa. Wasan ba a faifai yake ba, a cikinta muka tarar da shi, mai ita na farko ya saye shi ta intanet. Muka jona ta da tsohuwar tele a zaure, maneti ɗaya, mu huɗu, in kuran ya ɗauke kowa ya kama gabansa.

Da wuyarsa duka, wasan bai kore mu ba, kuma na daɗe ina tunanin dalili. Mutuwa a cikinsa ba ta da tsada. Ba a ba ka rai uku a ce in sun ƙare ka koma tun farko. Ka faɗa kan zarto, kafin ka ce "kash" ga ka tsaye a bakin matakin, matakin kuwa in ka iya shi bai wuce ƴan daƙiƙoƙi ba. Jinin da ka zubar yana nan shafe a bango, yana nuna maka inda ka bi.

A shekarar ne ƙanena ya faɗi jarrabawar BEPC. Tun ranar da aka kira sunaye ba a kira nasa ba ya daina zuwa fada, ya ce shi da lakwal sun rabu. Baba ya yi faɗa, inna ta yi lallashi, duk a banza. Zauren nan kaɗai yake zama.

Wani dare ya maƙale a wani mataki na babi na uku, masana'antar gishiri. Na ƙirga masa mutuwa har tamanin, na gaji na bari. Da ya haye, sai wasan ya yi abin da yake yi a ƙarshen kowane mataki: ya sake nuna ƙoƙarin da aka yi duka a lokaci guda. Guntayen nama rututu suka taso tare, wannan ya faɗa gishiri, wancan zarto ya raba shi biyu, suna ta raguwa har ɗaya tak ya isa. Ya yi shiru yana kallo, can ya ce, "Yaya, ka ga dukansu ni ne fa."

Ba zan ce wasa ne ya mayar da shi aji ba. Ya koma a watan Oktoba, kuma hawayen inna sun fi maneti aiki. Ban da haka, jarrabawa ba wasa ba ce: wanda ya faɗi, shekara guda cur zai biya, da kuɗin littattafai, da zama aji ɗaya da ƙannensa, da bakin maƙwabta. Wannan tsadar ce take korar yara daga makaranta, fiye da wuyar lissafi.

Shekarar da kuɗin ba mu da iko a kansu. Amma bakin nan namu ne, ƴan'uwa. Mu ne muke tambayar yaro "sau nawa ka yi?" muna murmushi, mu ne muke kiransa da sunan faɗuwarsa har ya yi gemu. Mutum biyu da suka zauna suka yi wasa mai tsananin wuya sun gane cewa in kana so mutum ya jure wahala, sai ka sauƙaƙa masa tashi. Wannan kam ba sai da kuran ba, a kowane gida ana iya yin sa.