Daga Bakin Mai Masauki Zuwa Katin Shaida

A shekarun da kamfanin Impresit na Italiya ke gina madatsar ruwa ta Bakolori, daga 1974 zuwa 1978, Talata Mafara da Maradun da Bakura sun sha baƙi. Ga Turawa injiniyoyi, ga direbobin katafila da makanikai daga Kudu, ga kuma 'yan cin rani na Ƙonni da Madawa da Maraɗi, waɗanda dama duk kaka in an gama girbi sai sun gangaro. Turawan da fasfo suka shigo, wannan tsakaninsu ne da gwamnati a Legas. Shi kuwa mutumin Nijar da ya sauka tashar Mafara da tabarma da buta, ba a ce masa ina katinka. Abin da ake tambayarsa shi ne, "Wurin wa ka sauka?"

Amsar wannan tambaya ita ce shaidarsa. Mai masauki zai kai shi ga mai unguwa ya ce, "Ranka ya daɗe, ga baƙona, daga gari kaza yake, sana'arsa kaza." Daga ranar, in baƙo ya ci bashi ya gudu, ƙofar mai masauki ake bugawa. In ya kwanta ciwo, shi ke jinya; in ya rasu, shi ke aika wa danginsa. Maganar da ta fi ƙarfin mai unguwa ta wuce ga hakimi, har ta kai fadar Sarkin Mafara, ko Sarkin Kayan Maradun, ko Sarkin Burmin Bakura. Takarda ɗaya da talaka ya sani ita ce ta haraji, wadda dattawa ke ninkewa huɗu su cusa cikin hula ko jakar fata, har gumi ya cinye rubutun. Sauran bayani yana kan fuska: mai ido ya dubi tsaga ya ce wannan Bagobiri ne, wancan Bazamfare.

Kada dai a ɗauka zamanin duk zuma ne. A 1979 ƙasashen ECOWAS suka amince ɗan kowace ƙasa ya shiga ta ɗan'uwansa ba biza har kwana 90, amma a Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta umarci baƙin da ba su da takardu su fice. 'Yan Gana aka fi tunawa da su, sai dai akwai 'yan Nijar da Cadi a cikin waɗanda suka kwashe komatsansu. Ranar da gwamnati ta tashi tambaya, bakin mai masauki bai tsinana komai ba.

Jirgin sama kuwa a lokacin na alhazai ne da manyan ma'aikata. Tikitin ɗan littafi ne mai jan kabon a bayan kowane shafi, ana yage ɗaya a kanta. Tafiyar cikin gida ba a cika damuwa da wanda ke riƙe da shi ba. Alhaji ya sayi tikiti, wani uzuri ya taso, sai ya miƙa wa ƙaninsa ya ce je ka a madadina, ƙanin ya amsa sunan yayansa har Legas. 'Yan kamasho na kai-kawo a bakin ƙofa, kuma abin tsoron fasinja shi ne rasa kujera, shi ya sa ake rige-rigen hawa matakala.

Mutanen wannan yanki sun ɗanɗana muhimmancin sunan gaskiya a takardar fasinjoji ranar 29 ga Oktoba, 2006, da jirgin da ya taso daga Abuja zuwa Sakkwato ya faɗi, Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo na cikin waɗanda suka rasu. A irin wannan rana jerin sunayen nan kaɗai iyalai ke dogara da shi. A 2008 kamfanonin jirage na duniya suka yi ban kwana da tikitin takarda, komai ya koma kwamfuta. Ita ma Najeriya tana ta fafutukar sanin mutanenta: rajistar katin ɗan ƙasa a 2003, kafa hukumar katin ɗan ƙasa ta NIMC a 2007, lambar banki ta BVN a 2014, sannan umarnin Disambar 2020 na haɗa layin waya da lambar ɗan ƙasa ta NIN, wanda ya tara tsofaffi da mata masu goyo a dogayen layuka cikin hunturu.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne dalilin da ya tura talaka filin jirgi. Ba wadata ba ce, hanya ce ta lalace. Bayan sace 'yan makarantar mata ta Jangebe, a ƙaramar hukumar Talata Mafara, a Fabrairun 2021, har sararin samaniyar Zamfara gwamnatin tarayya ta hana shawagi a cikinsa. Garuruwan nan uku, Bakura da Talata Mafara da Maradun, kowanne ya fitar da gwamna, Ahmad Sani Yariman Bakura a 1999, Abdul'aziz Yari a 2011, Bello Matawalle a 2019, amma har suka sauka filin Sultan Abubakar III na Sakkwato ne tashar mai hawa jirgi daga nan. Ɗan kasuwar da a da zai kwana a mota ta Tsafe da Funtuwa, yanzu gara ya ci bashin kuɗin tikiti.

To a can kanta ba a san mai masauki ba. Ɗan ƙasa zai nuna fasfo, ko lasin tuƙi, ko katin zaɓe, ko shaidar NIN. Sabon baƙo kuwa fasfon ƙasarsa ne makaminsa, kuma gara ya kasance da hatimin jami'an shige da fice na iyakar da ya biyo, Illela ce ko Jibiya. Wanda ya zo daga wajen Afirka ta Yamma don zama, akwai katin izinin zama na CERPAC. Ko bayan ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS a Janairun 2025, ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar takardun mutanensu har sai an sanar da wani sauyi. Wani abin mamaki, ɗan Maraɗi mai fasfo ya fi saurin wucewa a kan manomin Bakura da aka haifi kakansa a garin amma bai taɓa yin kati ba.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne suna. Mai masauki ya je sayen tikiti ya rubuta Usman Abubakar yadda yake kiran baƙonsa, fasfo kuma na ɗauke da Ousmane Aboubacar yadda makarantar Faransanci ta rubuta. Ma'aikaciyar kanta ta dubi wannan ta dubi wancan ta ce mutum biyu ne, jirgi kuma ba ya jiran a gama musu. Mafi muni shi ne masu ba baƙo shawarar ya yi katin zaɓe don ya huta; wannan laifi ne a doka, kuma in ta ɓaci shi kaɗai za ta ci.

Don haka, Malam, in ka yi baƙo daga ƙetaren iyaka kuma tafiyarsa ta jirgi ce, karɓi fasfonsa a hannunka, ka duba ranar ƙarewarsa da hatimin shigowa, ka kwafi sunan harafi da harafi kafin ka biya kuɗin tikiti.